Ina son 'ya'yana amma na gaji da su: mene ne ke damuna?

Tambaya: Ni ma'aikaciya ce, ina da aure da yara uku, ƙaramin bai cika shekara biyu ba. Maigidana ma yana aiki. Kusan shekara guda ke nan ina tashi da safe a gajiye kamar ban kwanta ba. Abu kaɗan yara za su yi na hau su da faɗa, daga baya na zauna ina kuka. A wurin aiki ba na iya tattara hankalina, aikin da nake so a da yanzu ko ganinsa ba na son yi. Na ɗauki hutun mako biyu, da na dawo ba a daɗe ba na koma yadda nake. Abin da ya fi ba ni tsoro, wani lokaci idan yaran suka zo jikina ba na jin komai, so nake kawai su ƙyale ni. Duk wanda na gaya wa sai ya ce na yi haƙuri, haka kowace uwa take. Ciwo ne, ko lalaci ne, ko rashin godiya? Ko ajiye aikin zan yi?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Zan fara da abin da ya fi ba ki tsoro. Uwar da ba ta damu da 'ya'yanta ba ba ta zama ta yi kuka don ta daka musu tsawa. Lalaci kuma ba ya cikin lissafin macen da take wuni a wurin aiki ta dawo ta ɗora da hidimar yara uku. Abin da kika bayyana sananne ne a wurinmu masu aikin lafiyar ƙwaƙwalwa: matsananciyar gajiya ce, irin wadda take kama mutum idan ya daɗe yana ɗauke da nauyin da ya fi ƙarfinsa, ba tare da ya samu sararin farfaɗowa ba. Masu cewa haka kowace uwa take sun faɗi rabin gaskiya. Kowace uwa tana gajiya. Amma ba kowace uwa ce take kai wa inda ɗanta zai rungume ta ta ji zuciyarta wayam ba, kuma wadda ta kai nan taimako take buƙata, ba ƙarin haƙuri ba.

An daɗe da sanin wannan matsala a wuraren aiki. A shekarar 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya yi rubutu a kan 'yan sa-kai da suke aiki tare da shi a wani asibitin kyauta a birnin New York. Ya lura cewa waɗanda suka fi zuwa da zumuɗi da sadaukarwa su ne, bayan kamar shekara guda, suke komawa a galabaice, ga saurin fushi, ga ƙosawa da mutanen da suka zo taimakawa. Daga baya Christina Maslach da Susan Jackson suka fitar da ma'aunin gwada ta a 1981. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a kundinta na rarrabe cututtuka, ba a matsayin cuta ba, sai a matsayin yanayin da ke fitowa daga matsin wurin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba. Alamu uku hukumar ta kawo: ƙarewar ƙarfi, nisantar aikin a zuci har mutum ya riƙa jin haushinsa, da raguwar ƙwazo. Sai dai hukumar ta taƙaita bayanin ga aikin neman abinci kawai. Waɗanda suka fi yin bincike a kan ɓangaren iyaye su ne Isabelle Roskam da Moïra Mikolajczak na Jami'ar Louvain a Beljiyam, kuma sun nuna cewa renon yara ma yana iya kai mutum ga irin wannan hali, da nasa alamomin daban. Mutum yana iya galabaita a wurin aiki amma gida ya zama masa wurin hutu, ko akasin haka. Ke kuma, bisa abin da kika rubuta, abin ya kama ki ta ɓangarorin biyu, shi ya sa ba ki da inda za ki gudu ki huta.

A ɓangaren iyaye abin yakan zo ne daki-daki. Farko gajiya, wadda barci ba ya kawar da ita. Tun kafin mutum ya sauko daga gado, tunanin wunin da ke gabansa ya riga ya cinye masa ƙarfi. Idan wannan ya daɗe, zuciya sai ta fara ja da baya don ta kare ɗan abin da ya rage mata. Nan ne uwa take ci gaba da yi wa yara wanka, ta shirya su, ta duba aikin makaranta, komai yana tafiya, amma ita ba ta wurin. Yarinya ta rugo da zanen da ta yi tana cewa "Mama kalli", uwar ta ce "ya yi kyau" idonta bai ko sauka a kan takardar ba. Daga cikin iyayen da nake gani akwai masu gaya mini cewa idan suka iso ƙofar gida bayan aiki sai su tsaya a waje na ɗan lokaci, suna jin muryar yaran daga ciki, sun kasa tura ƙofar. Daga nan sai ƙosawa, daɗin zama da yaran ya tafi. Sai kuma na ƙarshe, wanda ya fi ciwo: mutum ya waiwaya ya ga ba haka yake a da ba, ya kasa gane kansa, kunya ta rufe shi. Kunyar nan ce take sa a yi shiru, shirun kuma ya ba matsalar damar yin jijiya.

Hanyar da nake bi na bambance ta da gajiyar yau da kullum mai sauƙi ce. Gajiyar yau da kullum tana jin magani: dare biyu na barci mai kyau, ko wuni guda da wani ya riƙe miki yaran, sai ki dawo har kina kewarsu. Wannan kuwa ba ta ji. Jiki ma yana shiga ciki: ciwon kai, ciwon baya da wuya, ɓacin ciki, bugun zuciya, yawan kamuwa da mura, mantuwa, ga barcin da ake mutuwar so amma idan an kwanta ya ƙi zuwa. A maza sau da yawa abin yakan fito ta wata fuska, uba ya riƙa daɗewa a waje ba tare da dalili ba, ko ya shigo ya nutse a waya, ko ya zama mai tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na faɗi wannan ne don ki sa ido a kan maigidanki shi ma, domin a gidan da duka biyun suke aiki ba kasafai ake samun ɗaya kawai ya galabaita ba.

Kafin komai, ki je asibiti a duba ki. Wannan ba maganar cika baki ba ce. Akwai cututtukan jiki da suke zuwa da kamannin wannan gajiya sak, kuma suna da magani. Ƙarancin jini na kan gaba, musamman ga macen da ta haihu ba da daɗewa ba, ko take shayarwa, ko jinin al'adarta yake da yawa. Akwai matsalar tayirod, halittar nan ta gaban wuya wadda kumburinta yake kawo maƙoƙo, kuma aikinta yana iya rikicewa bayan haihuwa. Akwai ciwon suga, akwai yankewar numfashi a cikin barci ga masu munshari mai ƙarfi. A auna jininki, a gwada hawan jini, ki kuma gaya wa likita duk magungunan da kike sha. Babu amfanin mu yi ta gyaran jadawalin gida alhali jini ne ya yi ƙasa.

Sannan ki bari a tantance ko ciwon damuwa ne, don su biyun suna kama da juna kuma ɗaya yana iya kai wa ga ɗaya. Bambancin da ya fi fitowa shi ne faɗin wurin da duhun ya rufe. Mai matsananciyar gajiya idan aka raba ta da aikin da yaran, ta zauna da ƙawarta, za ki ga ta ware tana dariya. Ciwon damuwa kuwa yana bin mutum duk inda ya je: baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai kusan kullum har tsawon mako biyu ko fiye, canjin cin abinci, jin cewa mutum ba shi da wani amfani. Tunda ƙaraminki bai kai shekara biyu ba kuma kin ce abin ya kusa shekara, ya kamata a tambayi lokacin da ya fara, domin ciwon damuwa na bayan haihuwa yakan daɗe idan ba a kula da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna samun matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa.

Akwai abubuwan da ba a jiran ranar ganin likita a kansu. Idan tunanin kashe kanki ya taɓa zuwa miki, ko jin cewa yaran za su fi samun sauƙi idan ba kya raye, ko kin ga hannunki yana ƙara nauyi a kansu, ko kin fara dogaro da ƙwayoyi don ki samu barci ko ki iya wuni, to yau ɗin nan za ki gaya wa wani babba da kika yarda da shi, ya raka ki asibiti. Binciken masanan Beljiyam ya nuna cewa wannan gajiya tana ƙara tunanin guduwa a bar komai, tana ƙara sakaci da yara da tsananta musu, har a wurin iyayen da a da ba su san hakan ba. Ba don na tsorata ki na kawo wannan ba. So nake ki ɗauki abin da muhimmancin da ya cancanta, ki daina jiran ya wuce da kansa.

To me ya kawo shi? Roskam da Mikolajczak sun kwatanta shi da sikeli. A ɗaya ɓangaren akwai abubuwan da suke cin ƙarfinki, a ɗayan akwai waɗanda suke mayar miki da shi. Nauyi mai yawa shi kaɗai ba ya kayar da mutum matuƙar akwai abin da yake rinjayarsa a ɗaya gefen: barci, mai taimako, fahimtar juna da abokin zama, aikin da ake yaba wa mutum a kansa. Matsalar tana tasowa idan sikelin ya karkata gefe guda ya zauna haka wata da watanni. Shi ya sa za ki ga mai yara shida tana lafiya, mai yaro ɗaya ta durƙushe, kuma kwatanta kanki da wata ba zai gaya miki komai ba.

A 2021 Roskam da Mikolajczak da abokan aikinsu sun wallafa wani bincike da ya haɗa iyaye sama da 17,000 a ƙasashe 42. Matsalar ta fi yawa a ƙasashen Yamma, inda a wasu, irin su Beljiyam da Amurka, ta kai wajen kashi 8 cikin 100 na iyaye. Abin da ya fi bayyana bambancin ƙasashen shi ne yadda al'umma ta ginu a kan kowa tasa ta fishshe shi, kuma tasirin wannan ya fi na yawan yara ko shekarunsu ko awannin da ake yi da su. A Amurkar ma, a watan Agustan 2024, babban likitan gwamnati na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi na musamman a kan halin da iyaye suke ciki, inda ya kawo cewa kashi 48 cikin 100 na iyaye sun ce a mafi yawan ranaku matsin ya fi ƙarfinsu, a kan kashi 26 na sauran manya. Darasin da nake ɗauka a nan shi ne reno ba aikin mutum ɗaya ko biyu ba ne. Amma ina ƙarawa da abin da nake gani a aikina: zama a cikin mutane daban, samun taimako daban. Akwai macen da dangi suka kewaye ta, amma kowa da tasa buƙatar yake zuwa, ita ce kuma mai biya.

Sai nauyin da ba a gani. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna mata ne suke yin kashi uku cikin huɗu na aikin kula da gida da iyali da ba a biya a duniya, a matsakaici awa 4 da minti 25 a rana, maza kuma awa 1 da minti 23. Wannan ma aikin hannu ne, wanda ake iya ƙirgawa. A bayansa akwai aikin kai. Wata masaniyar zamantakewa, Allison Daminger, ta yi hira da ma'aurata ta raba wannan aiki gida huɗu a bincikenta na 2019: hango buƙata kafin ta zo, neman hanyoyin biyan ta, yanke shawara, da bibiya. Ta ga cewa wajen yanke shawara maza suna shiga, amma hangowa da bibiya sun fi faɗawa kan mata. Ke ce kike tuna ranar rigakafi, ke kika san takalmin wane ya matse shi, ke kika lura maganin tari ya kusa ƙarewa, kuma kina tuna duk wannan ne a tsakiyar taron wurin aiki. Ƙwaƙwalwar da ba a taɓa kashe ta ba dole ta kasa tattara hankali.

Akwai kuma nauyin da mutum yake ɗora wa kansa. A cikin abubuwan da bincike ya danganta da wannan gajiya, son a yi komai ba kuskure yana da ƙarfi ƙwarai. Sau da yawa matan da suke zuwa wurina a galabaice su ne waɗanda suka fi kowa ƙoƙari. Suna jin laifin barin yara su tafi aiki, sai su rama da yin fiye da ƙima idan sun dawo. Suna jin laifin barin aiki saboda yaro ba lafiya, sai su rama da aikin dare. Ga hotunan gidajen wasu a waya, komai tsaf, yara fes.

Daga nan za ki gane abin da ya sa hutunki bai yi aiki ba. Bincike a kan hutun ma'aikata ya sha nuna cewa amfaninsa yana gushewa cikin 'yan makonni da komawa aiki. Balle uwa, wadda hutunta na ofis yakan zama lokacin biyan bashin ayyukan gida. Kin sauke kayan ne na mako biyu, kika dawo kika tarar da su yadda kika bar su. Saboda haka maganin ba ya cikin neman wani dogon hutun. Yana cikin rage abin da kike ɗauka a ranakun da ba na hutu ba. Kuma ina roƙonki kada ki mayar da neman sauƙi wani sabon aiki. Idan aka ce wa macen da ba ta da minti goma nata ta riƙa tashi da wuri tana motsa jiki tana rubuta abubuwan da take ji, an ƙara mata abin da za ta kasa ne, ta ƙara zargin kanta. Ragewa ake farawa da ita, ƙari ya biyo baya.

Barci ne farko. Babba yana buƙatar awa 7 ko fiye, kuma barcin da ake yankewa sau uku sau huɗu ba ya biyan buƙata ko da awannin sun cika. Ku raba dare ke da maigida, ko ku riƙa karɓa-karɓa, ta yadda za ki samu wasu darare a mako da ba ke ce mai tashi ba, ko da za ki kwana a wani ɗakin. Na san abin da yake faruwa bayan yara sun yi barci: shi ne kaɗai lokacin da ba mai kiran sunanki, sai ki ƙi kwanciya, ki riƙe waya har dare ya raba. Buƙatar gaskiya ce, kina neman lokacin da yake naki. Amma da barcinki kike biyan sa. Gara a yanko miki wannan lokacin da rana ko da yamma, a sarari, kowa ya san naki ne. Ki kuma rage kofi da shayi mai ƙarfi daga tsakar rana, don sinadarin da ke cikinsu yana ɗaukar wajen awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Maganin barci kuma kada ki sha sai da izinin likita.

Na biyu, ki ɗauki takarda ki rubuta duk abin da kike yi a mako guda, har da na cikin kai. Ba don ki tsara su da kyau ba, don ki ga abin da za a yar. A kan kowane ɗaya ki tambayi kanki: idan ba a yi wannan ba har wata uku, wa zai cutu? Za ki tarar wasu ba wanda zai cutu, ana yin su ne don kada a ce. Wasu ana iya yin su sama-sama. Wasu kuma wajibi ne amma ba dole sai ke ba. Yaro ɗan shekara shida yana iya haɗa jakarsa ta makaranta ya kwashe kayan wasansa, ko da ba zai yi yadda kike so ba.

Wannan takardar ita za ki kai wa maigida, a lokacin da ba faɗa ake ba kuma yara ba sa kusa. Maza da yawa da gaske ba su san yawan abin ba, saboda an saba yin sa ba tare da sun gani ba. Kada ki ce "ka riƙa taimaka mini", don wannan ya bar ki a matsayin mai tunawa da mai aike. Ki ce masa: "Ba ni da lafiya, kuma ina tsoron inda abin zai kai ni. Ina so ka karɓi harkar makarantar yara gaba ɗayanta, kai su, ɗauko su, saƙon malamai, duk abin da aka ce a kawo. Ba zan riƙa tuna maka ba." Abu ɗaya ko biyu da ya karɓa daga farko har ƙarshe sun fi goma da sai kin ce. Sharaɗin da ke kanki shi ne ki sake da gaske. Zai manta wani abu a makon farko, zai yi wani ba yadda kike yi ba. Idan kika karɓe, kin koma gidan jiya. Idan kuma ya ƙi sauraro sam, ku je tare wurin likita ko mai ba da shawara, domin wani lokaci magana ɗaya ce amma sai ta fito daga bakin wani ake jin ta. Wadda take reno ita kaɗai kuwa, wannan lissafin za ta yi da duk wanda ke kusa: 'yar'uwa, maƙwabciya, wata uwar da za su riƙa karɓar wa juna yara. A nemi abu takamaimai, rana kaza daga ƙarfe kaza zuwa kaza. Mutane sun fi amsa irin wannan roƙon a kan "na gaji".

A wurin aiki, Maslach da abokin bincikenta Michael Leiter sun gano wurare shida da matsalar take ɓullowa: yawan aiki, rashin iko a kan yadda za a yi shi, rashin sakamako ko yabo, lalacewar zaman tare da abokan aiki, rashin adalci, da saɓani tsakanin abin da mutum ya yarda da shi da abin da ake sa shi yi. Ki duba wanne ne naki, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Idan yawa ne ko lokaci, ki je wa shugabanki da buƙata ƙwaya ɗaya bayyananna mai wa'adi: sauya lokacin shiga da fita na wata uku, ko ɗage wani aiki, ko daina kiran ki bayan an tashi sai da larura. Ki duba takardar ɗaukar ki aiki da dokar ƙwadago ta ƙasarki, musamman hutun rashin lafiya da lokacin shayarwa, don mutane da yawa suna barin haƙƙinsu saboda ba su san da shi ba. Yawan awanni ma ba abin wasa ba ne. Wani bincike na haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago da aka fitar a 2021 ya danganta aikin awa 55 ko fiye a mako da ƙarin haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100, idan aka kwatanta da awa 35 zuwa 40. Sannan abin da masu bincike suka ga ya fi taimaka wa ma'aikaci ya farfaɗo shi ne hankalinsa ya bar aikin idan an tashi, ba jikinsa kawai ba. Ki kashe sanarwar saƙonnin ofis da yamma. Idan kin shigo gida ki nemi minti goma sha biyar ki sauya kaya ki zauna kafin kowa ya kawo miki ƙara. Yara suna sabawa da wannan da wuri idan aka maimaita musu kullum.

Yanzu maganar yaran, don na san ita ce take hana ki barci. Idan kika ji fushin yana tasowa, ki ajiye ƙaramin a wurin da ba abin da zai same shi, ki fita daga ɗakin na 'yan mintuna. Kukansa na ɗan lokaci ba zai cutar da shi ba, amma jijjiga ƙaramin yaro cikin fushi tana iya lalata masa ƙwaƙwalwa. Idan kuma tsawar ta riga ta fita, ki koma bayan kin huce, ki durƙusa daidai tsayinsa, ki ce: "Ɗazu na yi maka tsawa, ban kyauta ba. Na gaji ne, ba laifinka ba ne. Abin da ka yi ba daidai ba ne, amma bai kamata na yi ihu ba." Wannan ba ya zubar da girman uwa. Masu nazarin shaƙuwar uwa da ɗa sun nuna cewa saɓani tsakaninsu abu ne na kullum har a gidajen da suke lafiya, kuma abin da yake gina yaro shi ne gyaran da yake biyo baya. Tun a shekarun 1950 likitan yara ɗan Ingila Donald Winnicott yake koyar da cewa yaro ba ya buƙatar uwa marar kuskure, wadda ta wadatar ta ishe shi.

Game da rashin jin komai ɗin, kada ki matsa wa zuciyarki sai ta ji. Ki zaɓi abu ɗaya da ke kanki kike jin daɗinsa, ba wanda aka ce yana da amfani ga yara ba, ki yi shi da yaro ɗaya na minti goma, ba waya, ba gyara masa kuskure. A yawancin waɗanda nake bibiya, ƙarfin jiki ne yake fara dawowa, sai haƙuri, shauƙin ne yake zuwa a ƙarshe. Wata rana yaron zai faɗi wani shirme ki ji kin yi dariya ta gaske.

Ki sa a ranki cewa watanni za a ɗauka, ba kwanaki ba, kuma za a riƙa samun makon da zai yi kamar an koma baya, musamman idan yaro ya kwanta rashin lafiya ko aiki ya taru. Idan kina da halin ganin masanin halayyar ɗan Adam, ki gan shi. A wani gwaji da aka yi a Beljiyam aka wallafa a 2020, iyayen da suka galabaita sun halarci zama takwas a rukuni, mako-mako. Alamomin sun ragu da sama da kashi ɗaya cikin uku, sinadarin kotisol na matsin rai da aka auna a gashin kansu ya sauka da kusan rabi, sakaci da tsananta wa yara su ma suka ragu. Abin da ya fi burge ni a gwajin shi ne rukunin da aka fi mayar da hankali a kan sauraron juna kawai shi ma ya samu sauƙi kamar rukunin da aka koya wa dabaru. Don haka ko ba ki samu ƙwararre nan kusa ba, ki nemi mutum ɗaya da za ki gaya wa maganar nan yadda kika rubuto ta, wanda ba zai katse ki da wa'azi ba.

Ajiye aiki kuwa, shawarata kada ki yanke wannan hukunci yanzu. Mai tsananin gajiya kowace ƙofa a rufe yake ganin ta sai ta fita. Iyayen da suke zaune a gida ma suna kamuwa da wannan matsala, kuma ga mata da yawa wurin aiki ne kaɗai inda ake kiran su da sunansu, suke magana da manya, suke gama abu su ga ya gamu. Rasa albashi shi ma nauyi ne da zai hau kan wanda ake da shi. Idan likita ya ga kina buƙatar hutun jinya, ki karɓa, ki yi amfani da shi wajen barci da sake rabon aikin gida, ba wajen share-share ba. Ki ba gyare-gyaren nan kamar wata uku. Idan bayan haka gida ya yi sauƙi amma kullum da safe gabanki yana faɗuwa saboda wurin aikin, ko ana wulaƙanta ki a can, ko kin nemi sassauci mai ma'ana an ƙi ko saurare, to matsalar ta wurin ce, kuma barin sa daidai ne. Sai ki fara neman wani tun kina kan wannan, ku zauna da maigida ku lissafa watannin da gidan zai iya ɗauka da albashi ɗaya, sannan ki miƙa takardar.